Yana Kwance Shiru, Amma Yana Jin Ku

 

Da wuya a samu wanda ya girma bai taɓa gamuwa da dannau ba. Kana kwance cikin dare ka farka sarai, kana jin munsharin na kusa da kai, kana jin haushin karnuka a bayan gida, ka so ɗaga hannu ya ƙi, ka so yin salati harshe ya ƙi juyawa. Minti ɗaya ko biyu ya sake ka, ka tashi zumbur kana gumi kana a'uziyya. To akwai bayin Allah da irin wannan hali ke kamawa da rana tsaka, asuba ta yi bai sake su ba, wata ya kama ya mutu, shekara ta zagayo, suna nan yadda suke. Dannau abin barci ne, ba ya barin wata illa. Wannan kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ne, likitoci na kiransa ciwon kullewa a cikin jiki. Wasu likitocin Amurka biyu, Fred Plum da Jerome Posner, su suka raɗa masa suna a 1966.

Ɗora hannunka a ƙeya, daidai inda kai ya haɗu da wuya. Can ciki akwai tushen ƙwaƙwalwa, ɗan guntun abu ne da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka. Duk umarnin da ƙwaƙwalwa za ta aika wa hannu da ƙafa da harshe da maƙogwaro, ta gaban tushen nan yake sauka. Saƙon da ke hawowa daga jiki kuwa, na zafi da sanyi da taɓawa, ta bayansa yake bi, kuma a bayan ne cibiyar da ke riƙe mutum a farke take. Babbar jijiyar jini guda ɗaya ke shayar da gaban. Ranar da gudan jini ya toshe ta, ko jini ya ɓalle a wurin, sai gaba ya mutu baya ya tsira. Mutum na ji, yana gani, yana tuna bashin da yake bin mutane da sunayen jikokinsa, amma hannu biyu da ƙafa biyu sun shanye, fuska ta daskare, magana ta ɗauke, ko yawunsa ba ya iya haɗiyewa. Abin da ya rage masa shi ne ido. Jijiyoyin da ke ɗaga fatar ido da masu juya ƙwayar ido sama da ƙasa sun fito daga ɗan sama da inda ɓarnar ta auku, shi ya sa suke tsira. Duba dama da hagu yakan tafi, duba sama yakan zauna. A 1979 wasu likitoci a Austriya suka kasa ciwon gida uku: akwai mai ido kaɗai, akwai wanda ya rage da ɗan motsin yatsa ko kai, akwai kuma wanda har idon ya tsaya, wanda sai na'ura ce za ta nuna cewa hankalinsa na nan.

Ciwon ba shi da yawa, kar kowa ya tsorata. Amma ƙofar da ya fi shigowa ta nan a buɗe take a gidajenmu, domin ɗan uwan shanyewar ɓarin jiki ne, uwarsu ɗaya, hawan jini. Wani babban bincike da likitocin Najeriya da Gana suka yi ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, da asibitocin Kano da Zariya a ciki, aka wallafa shi a 2018 bayan duba marasa lafiya sama da 2,000, ya ɗora alhakin kusan 9 cikin 10 na shanyewar jiki a yankinmu kan hawan jini. Binciken ya kuma ambaci ciwon suga, da yawan gishiri, da ƙarancin cin ganye. Mu da zogale da rama da alayyahu ke bayan ɗakinmu! Kuma kowa ya san yadda muke da maganin hawan jini: a sha na mako biyu, ciwon kai ya lafa, a ce an warke, a jefa sauran ƙwayoyin cikin kwalla.

Akwai wasu hanyoyin. Haɗarin mota ko babur da ya bugi ƙeya ko ya murɗe wuya na iya tsaga jijiyar jinin da ke bi ta ƙashin wuya, gudan jini ya taso daga nan, wani lokaci bayan kwanaki. Wanda gishirin jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, aka yi gaggawar cika masa shi da ƙarin ruwa, tushen ƙwaƙwalwarsa na iya lalacewa, wanda dalili ne babba na barin ƙarin ruwa a hannun waɗanda suka san awonsa. Sannan ga saran maciji, abin da manomi da makiyayi za su so su ji. Kububuwa jini take tsinkawa, nata daban ne. Amma wasu daga dangin gamsheƙa dafinsu jijiya yake kashewa: fatar ido ta fara nauyi, haɗiya ta gagara, numfashi ya yi ƙasa, mutum ya kwanta kamar gawa alhali yana jin koke-koken da ake yi a kansa. Likitocin Indiya sun rubuta irin wannan sau da dama. Shi wannan ana warkewa sarai idan an samu maganin dafi aka kuma taimaka wa numfashi har dafin ya sake shi.

Sau da yawa ciwon yakan yi sallama kafin ya shigo. Jiri mai tsanani da amai, ganin abu biyu-biyu, ciwo a ƙeya, harshe ya yi nauyi, mutum ya riƙa ƙwarewa da ruwa, tafiya ta zama ta tangaɗi, hannun dama ya mutu yau gobe na hagu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne yakan zo ya tafi. Dattijo ya yi jiri a kasuwa, a zaunar da shi a inuwa a ba shi fura, ya wartsake, a ce rana ce ko shawara. Kwana biyu a wayi gari ba ya motsi. Maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma ba a ba da shi sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce, jini bai ɓalle ba. Mu nan Damagum muna bakin babbar hanya, Potiskum na yamma, Damaturu da asibitin koyarwa na jami'ar jiha na gabas, mota ba ta yankewa. Wanda ya ga waɗannan alamu ya nufi babban asibiti a ranar, likita ya ce a tsaya ko a wuce gaba. Awannin da ake kashewa ana jiran babban wa ya dawo daga gona a yi shawara, su ne awannin da ake da su.

Yanzu ga inda na fi so ku ba ni kunne. Mai wannan ciwo yakan fara da doguwar suma ta gaske, kwanaki ko makonni. Sai wata rana ya farfaɗo, ba wanda ya sani. Ba zai yi nishi ya kira suna ba, ba zai matse hannun kowa ba. A ido yana nan yadda yake jiya. Wata mata a New York, Julia Tavalaro, ta faɗi a 1966. Bayan ta farfaɗo ta yi shekara shida a gadon asibiti ana juya ta ana wanke ta, ana magana a kanta kamar ba mutum, tana jin kowace kalma. Sai a 1973 wata ma'aikaciya mai koyar da magana, Arlene Kraat, ta tsaya ta ce mata ta ɗaga ido idan tana ji. Ta ɗaga. Matar nan ta rayu har 2003, ta rubuta waƙoƙi da tarihin rayuwarta. Wannan a Amurka ke nan, cikin asibiti, likitoci na wucewa safe da yamma.

A Faransa akwai ƙungiyar masu wannan ciwo. Da aka bi tarihin mutum 44 daga cikinsu a wani bincike na 2002, sai aka tarar a fiye da rabi dangi ne suka fara lura cewa mara lafiya na sane, kafin likita. Kuma a matsakaici sai da aka kwashe kusan wata biyu da rabi kafin a gane. Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Likita na zagaye minti biyar yake yi a bakin gado, yana da wasu hamsin na jira. Matar da ta shimfiɗa tabarma a ƙasan gadon, ita ke ganin idon da tsakar dare, ita ta san kallon da yake yi in an ambaci autarsa. A nan muna da abin da Turawa ke nema da kuɗi, domin mara lafiyarmu ba ya kwana shi kaɗai. Abin da ya rage mai jinya ta san me za ta nema, kuma in ta faɗa a saurare ta. Kar a ce mata, “Hajiya, son zuciya ne, ki yi haƙuri.” Gwajin ba ya cin ko sisi.

Ga yadda ake yi. A rage mutane a ɗaki, a kashe rediyo, har wannan shirin da kuke ji. Ki tsaya inda zai gan ki ba sai ya juya ido gefe ba, ki kira shi da sunan da kika saba. In fatar idon a rufe take, a ɗaga masa a hankali da yatsa mai tsabta. Ki ce, “Malam, in kana ji na, dubi sama.” Ki jira, ki ƙirga goma a zuci, don amsar takan yi jinkiri. In ya ɗaga, kar a yi guɗa tukuna, ido na iya motsi da kansa. A maimaita. Sannan a yi yarjejeniya: sama na nufin e, rufe ido na nufin a'a. A gwada shi da abin da aka san amsarsa, a cakuɗa gaskiya da ƙarya. Sunanka Audu? A Gashuwa aka haife ka? 'Ya'yanka bakwai? Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, kuma wadda amsarta e ce ko a'a. “Kunu kake so ko shayi?” ba ta da amsa a wurinsa. Idon na saurin gajiya, wanda bai amsa da azahar ba yana iya amsawa bayan isha'i, saboda haka a gwada a lokuta daban-daban, kwana da kwanaki. Kuma a ƙasa irin tamu ta Fune, inda gida ɗaya za ka ji Kanuri da Fillanci da Karekare da Ngizim, a yi wa tsohuwa tambaya da harshen da ta sha a nono. Ma'aikacin jinya ya yi mata Hausa ko Turanci ta yi shiru, ba hujja ba ce.

Idan kuwa yana ji, to mu duba yadda muke dubiya. Mu shigo mu goma, mu tsaya masa a ka. “Wayyo, haka ya koma?” “Ai wannan sai dai addu'a.” “Irinsa ne ya kashe wane bara.” Daga nan a koma lissafin kuɗin da aka kashe, wani ma ya gangaro kan gonar fadama da wanda ya kamata ya riƙe ta. Duk a kunnensa. Wani yaro ɗan Afirka ta Kudu, Martin Pistorius, ya kwanta a 1988 yana ɗan shekara 12, da wani ciwo na daban da ya kai shi ga irin wannan hali. Hankalinsa ya dawo bayan wasu shekaru, ba wanda ya lura sai a 2001. Cikin waɗannan shekaru ya ji mahaifiyarsa, ranar da gajiya ta kai mata iya wuya, tana fatan mutuwarsa a gabansa. Daga baya ya ce ya fahimce ta, ya yafe. Ya yi karatu, ya yi aure, yana magana da kwamfuta. Ban kawo labarin don a zargi uwar ba, duk wanda ya yi jinyar shekara ya san inda zuciya ke kaiwa. Amma irin wannan magana a fita da ita zaure.

Jikin ma yana ji. Ƙudan da ya sauka a leɓensa yana jin tafiyarsa. Yana jin ƙaiƙayi a tsakiyar baya, da kullin zanen gado da ya tokare shi tun safe, da zafin watan Afrilu a ɗakin kwano, da sanyin hunturu in mayafi ya zame. Wani abu kuma da ke rikita iyali: mai wannan ciwo yakan fashe da kuka ko dariya ba gaira ba dalili, ko ya yi hamma hannun da ya shanye ya motsa. Nan da nan sai a ce mutanen ɓoye ne. Raunin da ke tushen ƙwaƙwalwa ne ke kawo haka, shi kansa abin kunya yake ba shi. A tambaye shi ko ransa ne a ɓace, zai faɗa da ido.

E da a'a mafari ne kawai. Jean-Dominique Bauby babban editan mujallar Elle ne a Faransa. Ranar 8 ga Disamba 1995 ciwon ya buge shi yana da shekara 43, ya farfaɗo a asibiti ba abin da ke motsi sai fatar idonsa na hagu. Aka jera masa haruffa bisa yawan amfaninsu a Faransanci, ana karanto masa, in an zo kan wanda yake so ya ƙifta. Da dare ya tsara jimlolinsa a ka ya haddace, da rana wata mata, Claude Mendibil, ta zauna tana ɗauka harafi bayan harafi. An ƙiyasta ƙiftawa 200,000 kafin littafin ya kammala. Ya fito a Maris 1997, Bauby ya rasu ranar 9 ga watan, kwana biyu da fitowarsa. Shi ya kafa ƙungiyar da na ambata ɗazu. Mu ba littafi muke nema ba. Kwali da alƙalami sun isa: a rubuta haruffa layi-layi, a nuna layi ya zaɓa, sannan a bi harafi. Wanda bai yi boko ba amma ya yi allo, a rubuta masa babbaƙu, ajami na nan. Wanda bai yi ko ɗaya ba a zana masa kofi da buta da gado da fanka, ɗan firamare ma zai iya zanawa.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa: wannan ai gara mutuwa. Masu lafiya sun fi saurin faɗar haka. A wani nazari da aka wallafa a 2011, masu bincike daga Jami'ar Liège ta Beljiyam suka tambayi 'yan ƙungiyar nan ta Faransa, 65 suka ba da cikakkiyar amsa, 47 suka ce suna cikin jin daɗin rayuwa, 18 suka ce ba sa ciki. Ba zan ɗauko wannan lissafi in dasa a Damagum ba. Can akwai keken guragu mai lantarki, da na'urar da ke karanta motsin ido, da gwamnati mai biyan masu jinya, kuma waɗanda suka fi shan wuya ƙila ba su amsa ba. Akwai kuma irin su Tony Nicklinson na Ingila, wanda ya kai ƙara kotu yana neman a bar likita ya kawo ƙarshen rayuwarsa, kotu ta ƙi a 2012. Amma abin da marasa jin daɗin suka fi kuka da shi ya ja hankalina: rashin fita, rashin abin ɗebe kewa, rashin magana. Biyun farko ba su fi ƙarfinmu ba. A fito da shi ƙofar gida da la'asar ya ga masu wucewa, abokan majalisarsa su dawo da hirarsu kusa da shi, a kunna masa tafsiri ko wasan ƙwallo, wanda ya zaɓa.

Watannin farko su ne masu haɗari, kuma abin da ya fi kisa nimoniya ce, daga abin da ya kauce ya faɗa huhu. A nan zan roƙi iyayena mata da malamaina: mutumin da ba ya haɗiya kar a ɗura masa komai ta baki, ko kunu, ko madara, ko zuma, ko ruwan rubutu. A yi tofi, a shafa a jiki, a karanta a kunnensa, ai yana ji. Abinci kuwa ta robar hanci, yana jingine, yadda ma'aikatan jinya suka nuna. A juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, a duba ƙugu da diddige da kafaɗa kullum. A riƙa lanƙwasa gaɓoɓi ana miƙewa kamar yadda masu gashin ƙashi za su koyar, don da yawa sukan samu ɗan motsin yatsa ko kai ya dawo, kuma yatsa ɗaya na iya danna ƙararrawa. Wanda ya tsallake shekarar farko da kyakkyawar kulawa yakan yi shekaru goma ko fiye. Aikin ya fi ƙarfin mace ɗaya. Juyi duk awa biyu na nufin wani ya tashi sau uku ko huɗu cikin dare, saboda haka maza su shiga karɓa-karɓa, kar a bar wa uwargida da 'yar da aka cire daga makaranta.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin maganar wanda ba ya iya komai sai nuni da ido ko ƙudurtawa a zuci, suka ce yana sallarsa a haka muddin hankali na nan. To a riƙa gaya masa lokaci ya yi, a juya gadon ya fuskanci alƙibla. Haka kuma shari'a na karɓar isharar da ake fahimta daga wanda ba ya iya magana. Ma'ana mutumin nan bai fita daga dukiyarsa ba, bai fita daga gidansa ba. In za a sayar da sa ko gona don kuɗin asibiti, in an zo neman auren 'yarsa, in akwai bashi ko wasiyya, a kira mutum biyu amintattu waɗanda ba su da rabo a cikin maganar, a karanta masa dalla-dalla, a yi tambayar ta fuska biyu, sau ɗaya amsarta e, sau ɗaya a'a, a rubuta abin da ya ce da kwanan wata.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. A huta lafiya.